Kada a Ba Su Ruwa

Litinin, 15 ga Mayu, ƙarfe 6:30 na safe

Digiri talatin da ɗaya, rana ba ta ko gama fitowa ba. Tukwane tara suna jere a gindin katangar gabas kamar yadda ta bar su, kowace da lambarta da farin fenti. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu abin gani sai rairayi.

Na yanke shawarar in riƙa rubutawa, saboda aikin ba nawa ba ne, kuma wanda aka bar wa amana ya kamata ya iya yin bayani. A cikin kowace tukunya akwai kan albasar daji guda, irin wadda mutanenmu ke haɗawa duka su kira gadali. Ɗiyata ce ta haƙo su da hannunta daga tuddan rairayi tsakanin Takanamat da Tebaram, cikin shekara uku, domin bincikenta na jami'a. A daji suna yin farin fure bayan ruwan farko, yamma ɗaya tak, su koma barci. A tukunya kuwa sau biyu tana gwadawa, ganye kawai suka ba ta. Bana ta ce ta gano dalili. Kayenta, wato littafin da take rubuta binciken a ciki, duk da Faransanci yake, sai shafin ƙarshe da ta rubuta da Hausa: "Daga Oktoba har ruwan farko na sama, kada a ba su ruwa, ko da sun yi kama da matattu. Baba, har da kai."

Shekara talatin da biyu na yi ina haƙa wa ƙauyukan Adar rijiyoyi. Ta san da wanda take magana.

Yau kwana goma sha takwas da rasuwarta. Ban ba su ruwa ba.

Laraba, 17 ga Mayu, bayan azahar

Digiri arba'in da huɗu. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, an naɗe tabarmin zaure ban da biyu. Maiɗakina, Hajiya Hajaratu, ta aiko da tuwo, na ci abin da ya sawwaƙa. Muna gaisawa da safe, muna gaisawa da yamma. Ɗiyar fari ce, ba mu saba kama sunanta ba tun tana goye, saboda haka babu wanda zai ce wani abu ya sake a bakinmu.

Na kwanta ƙailula ban yi barci ba. Idan na rufe ido a wannan zafi, ƙasar Adar nake gani an yanka ta a tsaye kamar zanen da nake rataye a ofis: rairayi, yumɓu, farin dutse, sannan can ƙasa ruwan da ya sauka tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, yana kwance cikin duhu, ba ya jiran kowa. Yau na ga ƙananan fitilu tara a saman zanen, dab da fatar ƙasa. Ba su ci, ba su mutu ba.

Alhamis, 18 ga Mayu, 6:30

Rairayin lamba huɗu ya fi na sauran duhu. Babu raɓa a watan Mayu.

Juma'a, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Na je inda nake zuwa ran Juma'a. Na tafi da buta cike, na dawo da ita wayam. Ƙasar can tana shanye ruwa kafin mutum ya miƙe tsaye.

Ban ba su ruwa ba.

Litinin, 22 ga Mayu, hantsi

Lamba huɗu tana wari. Na juye ta a kan buhu, na tone da cokali a hankali. Kan ya yi laushi, ya yi ruwan ƙasa, ya rabu tsakanin yatsuna kamar albasar da ta kwana cikin miya. Kayen ya ce wannan daga tudun da ke arewa da Takanamat ta fito, ran tara ga Yuli shekara biyu da suka wuce, kuma a gefen shafin an rubuta: "Kunama ta kusa." Ba ta taɓa gaya mini ba.

Lamba bakwai ma da danshi.

Na wanke hannu sau uku. Warin yana nan.

Talata, 23 ga Mayu, 5:50

Na dawo daga masallaci da wuri, na tsaya a bakin zaure. Hajiya ta idar da sallar asuba, ta ɗauki butarta, ta tafi gindin katanga. Ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwoyinta. Ta zuba a hankali, kamar mai ba jariri, leɓɓanta suna motsi. Sannan ta shafa bakin tukunyar da tafin hannu.

Na koma waje, na yi gyaran murya, na sake shigowa da sallama. Ta amsa. Ta tambaye ni kwana, na tambaye ta kwana.

Talata, 11:00

Na ɗauko tsani. Na hau da su saman dal, rufin simintin ɗakinmu, ɗaya bayan ɗaya, tukwane bakwai, domin lamba bakwai ta bi huɗu. Can sama babu inuwa, babu danshi, ruwan farko zai same su kai tsaye. Ta fuskar ilimi babu abin zargi a wannan mataki.

Hajiya ba ta iya hawan tsani. Wannan ma na sani.

Alhamis, 25 ga Mayu, bayan azahar

Digiri arba'in da biyar. Hajiya ta share gindin katangar. Tukwanen sun bar da'ira tara a ƙasa, ta bi ta gefensu da tsintsiya ba ta taɓa su ba.

Tuwo ya zo. Babu saƙo.

Asabar, 27 ga Mayu, la'asar

Daga saman dal ana ganin garin Tawa yana rawa cikin zafi. Rufin kwano ya zama tabki, hasumiyar masallaci tana iyo, raƙuma biyu sun ratsa can nesa ƙafafunsu ba su taɓa ƙasa. Na zauna kusa da tukwanen har inuwata ta kai katangar maƙwabta. Na tuna ɗiyata tana da shekara shida, na tafi da ita wurin haƙa a Afala. Da ruwa ya ɓullo mutane suka yi ta kabbara, ita kuwa tana tsugune can gefe ta ba mu baya, tana kallon wata ciyawa da ba ta kai tsawon yatsa ba. Ta ce, "Baba, wannan wa ya ba ta?"

Ban san amsar da na bayar ba. Na yi ta nema yau, ban samu ba.

Litinin, 29 ga Mayu

Ban ba su ruwa ba.

Laraba, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Muktari ya zo, ƙanin Hajiya, wanda tun ranar ɗaurin aurenmu bai bar ni na huta ba. Ya tarar da ni ina saukowa daga tsani.

Ya ce, "Injiniya, ashe gaskiya ne. An ce ka koma kiwon gadali. Na mi ne, na farin jini ko na ɓacewa? In na farin jini ne ka makara da shekara arba'in."

Na ce masa bincike ne.

"To Allah shi ba da sa'a. Amma boka ko shi kan ba nashi hura da nono. Kai naka ko ruwa ka hana."

Muka zauna a zaure. Ya sha ruwa, ya ajiye kwanon, ya daɗe yana juya shi a kan tabarma. Da ya sake magana babu wasa a muryarsa.

"Yaya, in tambaye ka. Kai ran Juma'a ina kake zuwa da buta?"

Ya ture kwanon gefe, ya ci gaba.

"To. Mu munka kai ta, mu munka rufe, mu munka yayyafa ruwa. Yayata tana nan cikin ɗaki da mata. Ba ta ga wurin ba, ba ta kuma ganin shi. Ƙasa ɗaya tak ta rage mata a duniya wadda hannun yarinyar ya taɓa, ka ɗauke ka aza bisa."

Na ce ruwan yana kashe su.

Ya ce, "Ka gaya mata hakanan?"

Na ce na gaya mata kada a taɓa.

"Ai wannan umurni ne, Injiniya. Ma'aikatanka sun yi ritaya tare da kai."

Alhamis, 1 ga Yuni, bayan azahar

Na shirya jimlolin da zan faɗa mata. Guda huɗu ne, babu zargi a cikinsu. Na isa ƙofar ɗakinta, na tambaye ta ko gero zai isa sadakar arba'in. Ta ce zai isa.

Lahadi, 4 ga Yuni, ƙailula

Barci ya ɗauke ni kaɗan. Na ga wani tudu fari, furanni sun rufe shi tun daga gindi har ƙoli, kowane yana buɗewa da ƙaramin sauti kamar buɗe shafi. Akwai sawun ƙafa yana hawa. Na bi shi ina ƙirgawa, sawun yana ƙara ƙanƙanta, har ya zama na yarinya mai shekara shida. Na farka kafin ƙoli. Fanka ta tsaya, an ɗauke wuta.

Talata, 6 ga Yuni, bayan la'asar

An yi sadakar arba'in. Malamai sun yi addu'a, an raba masa da goro, na tsaya inda ya kamata in tsaya, na amsa abin da ya kamata in amsa.

Bayan an watse wani dogon mutum cikin baƙin rawani ya rage a zaure. Rissa ne, makiyayi daga wajen Tebaram, wanda yake yi wa ɗiyata jagora zuwa tuddan. Ban taɓa ganinsa ba sai a kaye. Kwana biyu ya yi a hanya. Ya ce ranar haɗarin da ya yi ajalinta shi ne ya raka ta har bakin hanya, ya ga tashin motar. Ya so ya ci gaba. Na ɗaga hannu, ya yi shiru.

Can ya ce, "Ina abubuwan Zuhura?"

Haka ya faɗi sunan, a sarari, kamar mai kiran ta daga ɗaki. Na ji motsin kwanoni ya tsaya a tsakar gida.

Na kai shi sama. Ya taka simintin da ƙafa ba takalmi, ya janye. Ya cusa yatsa cikin rairayin lamba biyu, ya fitar da sauri.

"Injiniya, wa ya aza su nan?"

Na ce ni ne.

"Can daji sai mun haƙa har gwiwar hannu, wani har kahwaɗa, kahin mu iske su. Can ƙasa da sanyi awa gindin randa. Ƙishirwa sunka sani. Ba su san wuta ba."

Na sauka na ɗauko ma'aunin zafi, na binne shi cikin tukunya. Digiri hamsin da tara. Ni da na yi shekaru ina koya wa matasa cewa zafin rana ba ya shiga ƙasa da nisa, ban taɓa tambayar kaina ba mene ne kaurin tukunya.

Muka tone su a inuwa. Lamba biyu, biyar da tara sun bushe har ciki, ba su da nauyi, ɓawonsu yana tashi da numfashi. Ɗaya, uku, shida da takwas da sauran tauri. Rissa ya kai shida kusa da kunnensa ya matsa, ya ce, "Wagga tana nan." Ya ce a binne tukwanen har wuya a ƙasa, inda sama ke buɗe, a bar su.

Hajiya biyu. Ni uku.

Laraba, 7 ga Yuni, hantsi

Wuri ɗaya ne a gidan nan yake da ƙasa tsura da buɗaɗɗen sama: tsakiyar tsakar gida, inda Hajiya ke shimfiɗa tabarmarta da yamma. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna a kan turmi, abin da ban taɓa yi ba. Jimlolina huɗu sun gudu.

Na ce, "Hajiya, na kashe uku."

Ba ta ɗago ba. "Uku?"

"Uku. Rana ta dafa su a sama."

Ta jefar da tsakuwa guda. "To ka hi ni, Malam."

Ban san ko dariya ce ta fito mini ba. Wani abu dai ya fito.

Na yi mata bayani yadda ya kamata in yi tun farko: cewa barci suke, cewa ruwa cikin zafi yana ruɓar da su, cewa sai sun ji ƙishirwa ta kai iyaka sannan ruwan sama ke gaya musu lokaci ya yi. Na karanta mata shafin ƙarshe. Ta saurara har "Baba, har da kai."

Ta ce, "Ni ban san boko ba. Da an karanta mini da ban zuba ba. Gani na yi rai ne cikin ƙasa, cikin wanga zahi, kowa na wucewa." Ta girgiza faifan. "Ni ba ta rubuta mini komi ba?"

Na ce zan duba.

Laraba, bayan la'asar

Na bi kayen shafi shafi, ɗari da goma sha biyu. A shafi na uku, tsakanin awon rairayi da sunayen Latin, na samu. Na fassara mata: "Inna ce ta zaɓi tukwanen a kasuwa. Ta ƙwanƙwasa kowace da zobenta ta saurara, ta mayar da goma sha ɗaya kafin ta yarda da tara. Mai tukwanen ya kusa kuka. Babu wadda ta tsage."

Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Sha biyu ne na maida."

Ta naɗe tabarmarta da kanta. Ni na haƙa, ita ta riƙa nuna mini inda ramin ya karkace.

Asabar, 10 ga Yuni, 6:30

Bakuna huɗu a tsakiyar gida, daidai da ƙasa. Hajiya ta kewaye su da duwatsu saboda kaji. Da ta idar da salla ta zo ta tsaya a kansu da butarta, ta daɗe, sannan ta juya ta zuba wa dogon yaro.

Ba mu ba su ruwa ba.

Laraba, 14 ga Yuni, la'asar

Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwashe shanya, ƙamshin ruwan wasu ya iso mana. Ya wuce ta kudu. Ko ɗigo.

Alhamis, 15 ga Yuni

Na fara tunanin ko huɗun ma na kashe su, Rissa ya ji tausayina ne kawai.

Asabar, 17 ga Yuni, 5:20 na yamma

Ya sauka. Milimita ashirin da uku cikin minti hamsin. Na tsaya a bakin ɗakina, tana bakin nata, ruwa yana tsakaninmu kamar labulen zare. Bakunan tukwanen sun cika, sun shanye, sun sake cika. Yaran unguwa suna ihu a titi. Indararo yana zuba a inda tukwanen suke a da.

Ta ɗaga murya saboda ƙarar kwano: "Wanga bai yi musu yawa ba?"

Na ce wannan nasu ne.

Lahadi, 18 ga Yuni, 6:30

Babu komai.

Litinin, 19 ga Yuni, 6:30

Babu komai. Ciyawa ta tsiro a gindin katanga, a kan tsani, har cikin tsagar siminti. Duk abin da ba a roƙa ba ya fito.

Talata, 20 ga Yuni, 6:10

Hajiya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da zobe. Ta yi gaba na bi ta. A lamba shida rairayi ya tsage, wani koren tsini ya leƙo, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Sauran ukun shiru.

Alhamis, 22 ga Yuni, bayan azahar

Santimita goma sha tara. Kara ne, ba ganye ba. A kansa akwai kunso dogo kamar yatsa, naɗe da farar fata. Na auna da safe, na auna yanzu, ya ƙaru da biyu. Hajiya ta hana a yi daka a tsakar gida, wai kada girgiza ta dame shi. Ban gaya mata cewa babu wannan a ilimi ba.

Juma'a, 23 ga Yuni, bayan isha'i

Zan rubuta shi bi da bi.

Na je inda nake zuwa bayan la'asar. Ina can wayar salula ta yi ƙara, Hajiya ce. Ta ce, "Malam, ka taho, shina motsi."

Na same ta a kan kujerar tsuguno, ta ajiye mini tawa. Ƙarfe shida da minti arba'in kunson ya kumbura. Bakwai saura minti takwas gefe ɗaya ya tsage. Daga nan ban ƙara duba agogo ba. Fararen ganyayen fure shida sirara suka rabu suka lanƙwasa baya ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda mai barci ke miƙa, a tsakiyarsu wani farin ƙoƙo mai baki kamar yankan almakashi. Hasken yamma ya ƙare a ko'ina ya rage a kansa. Sai ƙamshin ya zo. Ba shi da kama da turaren da na sani. Ya cika tsakar gida, ya shiga ɗakin da ba mu buɗewa.

An kira magariba. Na yi salla a nan, tana bayana.

Kayen yana da gurbi da ta zana ta bari: tsawon kara, faɗin fure, lokacin buɗewa. Na kawo abin awo. Hajiya ta karɓa ta riƙe, ni na karanta. Ashirin da huɗu. Goma sha ɗaya.

Muka zauna. Ba ta dube ni ba, furen take kallo.

Ta ce, "Malam, wurin da take, da inuwa?"

Na ce akwai aduwa ta wajen yamma, inuwarta tana isa bayan la'asar.

"Ta kai har kanta?"

Na ce har kafaɗa. Nan da shekara biyu za ta rufe duka.

"Wa ke kusa da ita?"

Na ce Inna Raƙiya, matar liman, ta dama. Ta hagu wani jariri.

Ta gyaɗa kai. "Inna Raƙiya na da kirki."

Sannan ta ce in ci gaba, in fara tun daga ƙofar maƙabarta, kada in tsallake komai. Na fara daga ƙofa.